Ƙullin Yajin Sagir

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Mamana Bilkisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Ummanki da ƙannenki da duk wanda ke cikin gidan. Ni nan Guangzhou lafiya lau nake, alhamdulillahi. Ina ci, ina barci, ƙafar da ke damuna ta yi sauƙi, kaya kuma sun kusa haɗuwa. Zafin garin ne dai mai ɗanko, mutum ya yi wanka ya fito kamar bai yi ba, amma wanda ya saba da Kwari a watan bazara ba zai kai ƙara ba.

Na so a ce ina gida ranar da za ki tafi bautar ƙasa, in raka ki tasha da kaina. Allah bai nufa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan, zan ba wani abokina da zai bi ta Kano ya kawo miki. Ki samu wuri ki zauna, don doguwa ce, kin san mahaifinki idan ya fara magana.

Na yi waya da Ummanki ranar Juma'a. Kin san wayar nan ba ta son dogon zance, amma ta samu ta gaya mini abin da ke nan. Ta ce Sagir ya kai ki wani gidan cin abinci ke da ƙawayenki biyu, aka kawo muku soyayyen dankalin Turawa, wanda ku yaran zamani kuke kira cips, da kwalbar jan tumatirin nan, kecof. Ta ce shi bai taɓa kwalbar ba, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin yaji a takarda ya barbaɗa. Ƙawayenki suka ƙunshe dariya a wurin, da kuka koma gida suka sake ta, suka raɗa masa suna Malam Yaji, suka ce wai duk wanda ya yi haka a gaban mutane ba ɗan babban gida ba ne, kuma ajinki ya wuce nasa. Tun daga ranar idan ya zo zance kike aika a ce kina barci. Ga shi manyansa suna jiran amsarmu kafin ki tafi, ke kuma kin ce wa Ummanki kin fasa kawai.

Da na ajiye wayar na yi dariya har mai shagon wayar ya leƙo yana kallona. Daga baya dariyar ta tsaya, don na gane ba abin dariya ba ne. Mutum ne ake shirin sallama, wanda ke da bakinki kika kawo mana shi kika ce kin yarda da shi. Ba zan yi miki dole ba, Mamana, ban taɓa yi ba kuma ba zan fara da tsufana ba. Amma zan ba ki labarin wautar da ni na tafka a kan wannan dankalin, don wallahi na riga ki shiga wannan ramin, kuma ba sau ɗaya ba.

Ta farko, tun ba a haife ki ba. Lokacin na buɗe shagona na kaina, ina ji da kaina, na ɗinka manyan riguna biyu. Wani ma'aikacin banki da muke mutunci ya gayyace ni cin abinci a wani babban otal a Bompai. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Aka kawo cips, ni kuma idona na kan hannunsa, duk abin da ya yi sai in yi. Ya girgiza kwalba ya zuba ja, ni ma na girgiza na zuba, har na fi shi zubawa don kada a ce ban saba ba. Da na kai baki sai na ji kamar an dama alewa da tumatir. Raina bai so ba ko kaɗan. Ya tambaye ni yaya, na ce ai madalla, ni dama da shi nake ci kullum. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma don kada ƙaryar ta tonu na cinye farantin tas.

Da ma a nan ta tsaya. Ina, sai da na saya wa gidana kwalbar, na kafa ta a tsakiyar teburin falo don baƙi su gani. Ba mai ci. Bakinta ya yi baƙi, a zubar, in sayo wata. Wata rana Ummanki tana goge tebur ta ɗaga ta ta ce, “Alhaji, wai wannan kwalbar gadi take yi mana ne?” Na ce ta ajiye, ba ta san abin duniya ba. Ta ajiye, ta tafi tana murmushi, da dare kuma ta kawo mini dankali da yaji a ɗaki, na ci har ina lashe yatsa.

Kin tashi kin ga wannan kwalbar a teburinmu. Don haka idan yau kina jin cewa jan abu a kwalba shi ne wayewa, yaji kuma ƙauyanci, ban ɗora wa ƙawayenki laifin duka ba. A gidan ubanki kika fara karanta wannan darasin, kuma malamin da ya koya miki shi kansa bai yarda da shi ba. Abin da nake so ki riƙe daga nan shi ne kada ki riƙa cin abinci da bakin wasu. Wanda ya saba haɗiye abin da ba ya so don a gan shi, wata rana zai zauna da mutanen da ba ya so don a gan shi, ya bar wanda yake so saboda kada a gan shi. Na yi shekaru ina wannan wahalar, kuma ban ga mutum ɗaya da ya ƙara mini daraja saboda kwalbar ba.

Wauta ta biyu a nan garin na yi ta, zuwana na farko, kuma ita ce ta fi ba ni kunya, don lokacin furfura ta riga ta fito mini.

Kin tuna lokacin da kasuwar Bangkok ta lalace muka fara juyowa nan. Ba mu da yawa a garin. Na sauka a filin jirgin Baiyun ban san kowa ba sai sunan unguwa a takarda, Dengfeng. A can 'yan uwanmu ke kama ɗakuna, mutanen Kano, na Maraɗi, na Yamai, da 'yan Gana. Babbar damuwar Musulmi a nan ita ce abinci, don ba ka san abin da aka sa a tukunya ba, kuma ko ka tambaya ba mai jin ka. To akwai wata baiwar Allah, Hajiya Fati, Bahausar zangon Kumasi, da ke dafa abinci a ɗakinta a hawa na sama. Da yamma kowa can yake tararwa. Abin da ta fi yi shi ne cips da ƙwai a babban tire, saboda dankali ba ya buƙatar a tambayi wanda ya yanka shi. A zauna a ƙasa a kewaye tiren, kowa ya sa hannu.

Ummanki ta daka mini yaji kafin in taho, cike da gwangwanin madara, irin nata mai ƙuli da citta da kanumfari da kimba. Ni kuma da na zo na ga manyan 'yan kasuwa masu yawo ƙasashe, wani na Turanci wani na Faransanci, sai tsohon ciwona ya tashi. Na ce a raina ai ba zan fito da gwangwanin yaji a gaban waɗannan ba su ɗauke ni ɗan ƙauye. Na tura shi can ƙasan akwati na danne da kaya. Na shiga wani babban kanti na sayo kwalbar kecof, da yamma na hau wurin Hajiya Fati na dasa ta a gefen tire ina jin na yi abin kirki.

Wani ya dubi kwalbar ya dubi ɗan uwansa. Aka ce bismillah, aka ci dankalin da gishiri kawai, ba wanda ya taɓa kwalbar sai ni, ni ma don dole. Na ce ƙila gajiya ce. Washegari haka, jibi haka. Ana gaisawa da ni lafiya lau, amma da safe idan za a fita kasuwa sai in ga kowa ya sulale, ba mai cewa Alhaji zo mu je. A garin da ba ka jin yare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yini ina yawo ni kaɗai, duk shagon da na nuna hoton fulas ɗin da nake nema sai a kaɗa mini hannu a ce meyo, wato babu. Na ji meyo har na fara jin ta a mafarki. Raina ya ɓaci sosai, na fara cewa mutanen nan baƙin ciki suke yi da ni.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng. Bayan an idar, ina neman takalmina, sai wani dattijo daga cikin masu cin tiren ya tsaya kusa da ni. Sunansa Alhaji Maman, mutumin Maraɗi, mai sayen batir da tocila. Shi ne zai kawo miki wannan takardar, ki gaishe shi da kyau. Muka jero a titi, sai ya ce, “Alhaji, in tambaye ka. Uwargidanka tana da rai?”

Na ce tana nan lafiya, me ya faru?

Ya ce, “To mi ya sa ka yi muna haka? Bakano ya taso daga gida ya zo wanga gari ba yaji? Mun zauna mun duba, muka ce abu biyu ne. Ko dai ba ka da mai daka maka, mu yi maka jaje, ko kuwa akwai ka ɓoye. Kuma mun san akwai, don tun randa ka sauka rigunanka ke ƙamshin kimba.”

Mamana, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe al'adar wurin ita ce, duk wanda ya sauka sabo daga gida, a daren farko zai kawo yajinsa ya ajiye a tsakiyar tire. Waɗanda suka daɗe nasu ya ƙare, suna ƙirga kwanakin zuwan baƙo kamar masu jiran ruwan fari. Idan nasa ya ƙare shi ma zai ci na wanda ya zo bayansa. Ba a faɗa wa kowa, don a ganinsu ba sai an faɗa wa ɗan mutunci ba. Ni ina ɓoyewa don kada a ce mini baƙauye, su kuma suna karanta ni a matsayin marowaci, wanda zai kulle ƙofa ya ci yaji shi kaɗai alhali 'yan uwansa na cin lami. Kuma wa zai nuna wa marowaci hanyar kasuwa?

Na gaya masa gaskiya, na ce kunya ce ta sa. Ya tsaya a tsakiyar titi yana dariya har da riƙe ciki, masu kekuna na kauce masa. Da yamma na hau da gwangwanin a hannu na buɗe shi a tsakiyar tire. Hajiya Fati ta shinshina ta ce, “Yau Alhaji ya iso Guangzhou.” Aka yi ta sa wa Ummanki albarka, mutanen da ba su taɓa ganin ta ba. Da gari ya waye mutum uku ne suka ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma kafin azahar na samu mai fulas ɗin da har yau nake ciniki da shi.

Ki duba wannan da kyau. Abin da na ɗauka zai zubar mini da daraja shi ne abin da ake jira a gani kafin a ba ni daraja. Ban san ƙa'idar wurin ba, na zo da ƙa'idar wani otal na Bompai na shimfiɗa a kan mutanen da ba ruwansu da ita. Za ki je garin da ba ki sani ba, cikin mutanen da ba yarenku ɗaya ba. Kafin ki yanke wa kanki abin da zai burge su, ki zauna ki kalli yadda suke yi, idan ba ki gane ba ki tambayi babba a cikinsu. Tambaya ba ta rage mutum, ni rashin yin ta ne ya sa na yi yawon banza a rana.

Tun daga nan na fara lura da abin da kowa ke sa wa dankalinsa, don abin ya zame mini abin nishaɗi. Shi Alhaji Maman mayonis yake so, farin nan mai maiƙo. Da na fara ganin sa da kwalbar na ce lallai wannan ɗan gata ne, irin waɗanda suka tashi a gidan manyan ma'aikata, don a Kano sai gidan wane da wane ake ganin ta. Da muka saba na gaya masa. Ya ce, “Kai Alhaji, a tashar Maraɗi kowane mai shayi yana da ita, ita ake shafa wa 'yan dako a burodi. Ɗiyana kuwa in an kawo musu yajin Kano ɓoye shi suke yi sai baƙo na musamman ya zo.” Ita Hajiya Fati nata wani baƙin barkono ne da ake soyawa da mai da busasshen kifi, shito suke ce masa, kuma a wurinta duk wanda bai san shi ba bai fara cin abinci ba. Tana ce mana, “Ku 'yan Najeriya kuna barbaɗa gari kamar masu kashe kiyashi.” Mu kuma mu ce nata kamar an kwaso daga ƙasan injin. A yi dariya, kowa ya ɗanɗana na ɗan uwansa.

Mai fulas ɗin nan, da muke kira Lawban, wato maigida da yarensu, ya taɓa ja na zuwa wani sabon gidan abinci irin na Amurkawa tare da ɗansa ƙarami. Ni lemo kawai na sha. Wurin cike da iyaye sun yi kwalliya sun kawo yara, don a nan kai yaro irin wurin alama ce ta cewa kasuwa ta buɗe. Ina zaune sai na ga yaron ya ɗauki cips ya tsoma a cikin askirim ya kai baki, uban na kallon sa yana washe haƙora. Na duba teburin gefe, su ma haka. Ga kecof ɗin nan a ƙananan ledoji kyauta, wasu ko buɗewa ba su yi ba. Na ce ikon Allah, abin da na kafa a falo shekara da shekaru ina gadara, ga shi nan ana sharewa da tsintsiya.

Kada ki ce Baba ya ce babu bambanci tsakanin mai shi da marar shi. Akwai, kuma ni ɗan kasuwa ne, na fi ki sani. A Kano kwalbar nan daga waje ake kawo ta, ba kowane gida ke iya saye ba, don haka yaron da ya tashi da ita a bakinsa mai yiwuwa gidansu da hali. Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba a wannan. Abin da mutum ke sa wa dankali yana iya gaya miki unguwar da ya tashi da abin da uwarsa ke ajiyewa a kicin. Iyakarsa ke nan. Ki tsallaka iyaka ɗaya kawai, ki je Maraɗi, lissafin ya juye. Ma'aunin da ba ya iya tsallake Jibiya bai kai a auna mijin aure da shi ba.

Saura wauta ta uku, don kada ki ɗauka na warke daga ranar. Bayan abin da ya faru sai na koma ɗaya gefen. Na zama sarkin yaji. Duk wanda na gani da kecof sai in ce ɗan ƙarya ne, mai kwaikwayon Turawa, na manta ni ne shugabansu jiya. Akwai wani matashi, Bashir, ɗan Kano ne amma a Legas ya tashi, mai sayen kayan waya. Shi idan an kawo tire sai ya ja nasa gefe inda yaji bai taɓa ba, ya ɗan zuba kecof. Na sa shi a gaba. Kullum sai na ce, “Bature, yaya London?” Mutane su yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Ni ina ganin wasa nake yi. A hankali ya daina zuwa.

Wata rana na tambayi Hajiya Fati ina Bature. Ta ajiye matsamin da ke hannunta ta ce, “Alhaji, ka girme ni, amma yau zan faɗa maka. Yaron nan gyambon ciki gare shi, likita ya hana shi barkono. Ya gaya mini tun zuwansa, bai so a sani ba. Yanzu yana can ɗaki yana cin burodi da ruwan zafi shi kaɗai saboda bakinka.” Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji haushin kaina. Na tashi na je na same shi na ba shi haƙuri. Yaron kirki, ya ce ba komai Baba, amma sai da aka ɗauki kwanaki kafin ya dawo tire, kuma har ya bar garin bai ƙara zama kusa da ni ba.

To kin ga, girman kai da kwalba da girman kai da gwangwani duk uwarsu ɗaya. Ban rubuto don in ce miki Sagir mutumin kirki ne saboda yana cin yaji ba. Ɓarayi ma suna cin yaji. Kuma ki lura, dariyar da ƙawayenki suka yi masa irin wadda na yi wa Bashir ce, mai yin ta yana ganin wasa ne, wanda aka yi wa shi ya san inda ta taɓa shi. Kada ki zaci Sagir bai gani ba. Malamin makaranta ne, wanda ke tsayawa gaban yara kullum ya san ƙunshe dariya ko ta bayansa aka yi.

Ni ban san shi sosai ba. Sau biyu ya zo gaishe ni a shago. Na ga yana da natsuwa, ba ya cika baki, kuma da aka kira salla bai jira na tashi ba. Kawunki ya bincika gidansu ya ce ba abin ƙi. Ke kika fi mu sanin sa, ke kika zauna da shi zance wata da watanni. Amma akwai abu ɗaya da na tambayi Ummanki a wayar, duk da katin na ƙarewa. Na ce da ya fito da ƙullin, ɓoyewa ya yi ya barbaɗa wa nasa, ko yaya? Ta ce a yadda kika ba ta labari, buɗe takardar ya yi ya tura tsakiyar tebur ya ce muku bismillah. Na ce to. A wurin da nake zaune yanzu, wannan shi ake kira ɗan babban gida, amma wannan ra'ayin mutanen tire ne, ba dole ki ɗauka ba.

Na san dariya tana da ciwo, Mamana. Ba na raina abin da kika ji. Mace tana so a ga wanda ta kawo a ce ta iya zaɓe, kuma a shekarunki maganar ƙawa tana da nauyi fiye da ta uba. Ni da na haɗiye abin da ba na so saboda mutum ɗaya a otal, ba ni da bakin yi miki gori. Sai dai ki tuna ƙawayen nan kowacce za ta kama gabanta. Wata za a tura ta gabas, wata yamma, wata ta yi aure a garin da ba za ki taɓa zuwa ba. Ba za su kasance a ɗakin ba ranar da za ki yi zazzaɓi, ko ranar da albashi zai makara. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ba ƙawa ce za ta zauna da ke a gaban wannan tuwon ba.

Idan akwai wani abu daban da kika gani a wurinsa, ki faɗa. Idan yana da zafin hannu, ko ƙarya, ko yana raina ki, ko kuma kawai zuciyarki ta fita daga kansa ba tare da dalili ba, wannan ma magana ce, kuma zan tsaya miki a gaban kowa. Idan ma kin fahimci da gangan ya yi don ya kunyata ki a gaban mutanenki, ki gaya wa Ummanki, wannan ba maganar yaji ba ce kuma, maganar hali ce. Amma ki bincika zuciyarki tsakaninki da Allah, ki yi istihara, ki ware abin da ke naki da abin da aka zuba miki a kunne.

Game da tafiyarki, ki riƙe salla a kan lokaci ko da sansanin ya yi tsanani. Kada ki yi tafiyar dare. Idan kin isa ki nemi inda Hausawan garin suke ki gabatar da kanki ga shugabansu, ki ce ke 'yar wane ce. Za a kawo miki abincin da ba ki taɓa gani ba, idan halal ne ki ɗanɗana kafin ki yamutsa fuska, idan ba za ki iya ba ki ce na gode cikin ladabi. Su ma za su ga naki su yi mamaki, kada ki ɓoye shi, kada kuma ki yi musu gadara da shi. Ki riƙa rubuto wa Ummanki, don ita ba za ta ce tana kewa ba, sai dai ki ji ta tana faɗa da ƙannenki ba dalili.

Yanzu ga hukuncina, kuma shi kaɗai nake nema a wurinki. Na gaya wa kawunki kada ya kai wa manyan Sagir amsa, ko ta i ko ta a'a, sai ya ji daga gare ki. Amma ba za ki tafi ki bar bawan Allah yana zuwa ƙofar gida ana ce masa kina barci ba. A gidana ba a yi wa mutum haka. Kafin ki hau mota ki sa a kira shi, ki fito zaure, ki zauna. Idan kin yarda da shi ki gaya masa, ki kuma ba shi haƙurin kwanakin nan. Idan kin fasa, ki gaya masa da bakinki, ki kuma faɗa masa dalilin na gaskiya, ba wanda aka gyara ba. Idan har za ki iya duban mutumin nan ki ce masa, “Na fasa auren ka saboda ka sa yaji a dankali,” maganar ta fita daga bakinki ba ta maƙale ba, to na yarda, kuma ba zan ƙara tayar da zancen ba har abada. Idan kuwa kika buɗe baki kika ji ta ƙi fita, to kada ki aika kawunki ya faɗi abin da ke kanki kika kasa faɗa.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin bakin da ke dariya. Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri ko da ba shi muke hange ba. Ki gaida Ummanki, ki gaida ƙannenki, ki ce su yi karatu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
daga Dengfeng, Guangzhou.